Babi na Shida: Jiki Ya Fi Kunne Ji

Ranar da na fara koyarwa, abu uku hedimasta ya damƙa mini a ofishinsa: rajista, kwalin alli, da tsumagiyar dalbejiya guda biyu da aka zage wa ganye. Ya ce, "Malam, aji huɗu za ka riƙe. Su tamanin da bakwai ne. In ka sakar musu fuska a makon farko, har ƙarshen shekara ba za ka sake jin muryarka a ajin nan ba." Na ce, "To, ranka ya daɗe." Maganar ba ta zo mini baƙuwa ba, domin ni ma da irin wannan tsumagiya aka raine ni, tun daga makarantar allo har kwalejin horon malamai.

A cikin yaran akwai wani ɗan siriri mai zama a ƙasa can layin baya, jikin bango, daidai inda murfin taga ya ɓalle. In na ce a buɗe littafi, sai kowa ya buɗe sannan shi ya waiga ya ga abin da ake yi. In na kira sunansa sai na maimaita sau uku. In na yi musu shifta, abin da zai rubuto daban, abin da na faɗa daban. Wata bai ƙare ba na riga na yanke masa hukunci a raina: kunnen ƙashi ne da shi, ga raini. Kusan kullum sai ya miƙo hannu na zuba masa uku ko huɗu. Ba ya kuka. Sai dai ya matse hannun a hammata, ya koma wurinsa, ya kafe bakina da ido. Wannan kallon ma tsaurin ido na ɗauke shi, har na taɓa ƙara masa biyu a kansa.

Ban doki yaron nan don na ƙi shi ba. Na doke shi ne saboda na yarda da abin da kowa a garinmu ya yarda da shi, cewa jiki ya fi kunne ji, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk wanda zai yi maganar duka a makarantunmu, in yana so a saurare shi, sai ya fara gane cewa wannan yarda ba daga mugunta ta fito ba. Uban da ya kamo hannun ɗansa ya kai wa malam, ya ce, "Ga amana nan, in ya ƙi ji a zane shi, ido kawai za a kiyaye mini," tsoro ne ke cinsa. Ya ga 'ya'yan maƙwabta da aka shagwaɓa sun ƙare a bakin tasha cikin shaye-shaye. Ya taso da ka ƙi naka duniya ta so shi. A ganinsa malamin da ba ya duka bai damu da yaro ba ne. Mun kuma taso muna jin ana cewa duk inda bulalar malam ta taɓa a jiki wuta ba za ta ci wurin ba, kuma da wannan magana uwaye kan rarrashi yaro yayin da suke gasa masa baya da ruwan ɗumi.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce, "Mu ma an doke mu, ga shi mun zama mutane." Na ji ta daga bakin likita, na ji ta daga bakin alƙali. Gaskiya suka faɗa. Sai dai inda ake faɗin wannan magana galibi taron tsofaffin ɗalibai ne, wato waɗanda suka jure har suka kai ƙarshe. Wanda ya haura katanga a aji uku bai sake komowa ba, ba ya cikin zauren, ba kuma wanda ya je ya tambaye shi. Kowa ya zauna ya tuna 'yan ajinsu na firamare ɗaya bayan ɗaya. Zai tuna da wani da tsoron malamin lissafi ya sa yake laɓewa a kango tun safe, sai an tashi ya bi ayarin 'yan makaranta ya koma gida kamar ya je. Zai tuna da yarinyar da aka kwantar a gaban maza aka tsula mata, ta ce ita da boko har abada, iyayenta kuma dama neman dalili suke yi. Su ma an doke su.

Harshenmu kansa ya nuna inda aka samu tangarɗa. Da kalmar horo muke kiran abin da ake yi wa soja kafin ya iya fareti, da doki kafin ya saba da linzami, da malami kafin a ba shi aji. Da ita kuma muke kiran kwantar da yaro a zuba masa goma. Haka ladabtarwa, wadda asalinta koyar da ladabi ne. Yau in ka ji an ce an ladabtar da wane, ka san jikinsa ya gaya masa. Ma'ana ɗaya ta haɗiye sauran. Shi ya sa da zarar an ce a rage duka sai mutane su ji kamar an ce a daina tarbiyya, a saki yara kamar awakin da ba su da makiyayi. Ni ban ce a daina hukunci ba, kuma ba zan ce ba. Makarantar da yaro zai zagi malami, ya ƙwace abincin ƙanana, ya yi sata, a zuba masa ido, ba makaranta ba ce. Maganata a kan irin hukuncin ne, da abin da yaro yake tashi da shi bayan an gama.

Mutane da yawa sun ɗauka bulala tamu ce, ta gado da addini, hana ta kuma shigo-shigon Turawa ne. Tarihi bai raba abin haka ba. Gaskiya ne makarantar allo ta san dorina tun kafin Bature ya zo. Amma yawancin abin da ɗan boko ya sani na horo, a cikin kayan Bature ya iso: duka a gaban asambili, littafin rubuta sunan wanda aka hukunta, uwa uba ba wa manyan ɗalibai iko a kan ƙanana. Makarantun kwana na Arewa, tun daga Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 zuwa makarantun midil na larduna, bisa tsarin makarantun kwana na Ingila aka gina su, da gidaje da su firifet. Dukan da aka yi mana don mun yi Hausa a aji, wai mun yi banakula, shi ma ba daga zaure ya fito ba. 'Yan'uwanmu na Nijar sun san irinsa a makarantun da Faransa ta kafa, inda ake rataya wa yaron da ya yi harshen gida wata alama, ya yini yana kasa kunne ko zai kama wani ya sauke masa, domin wanda aka tashi tana wuyansa shi zai sha hukunci. Su kuwa masu abin sun daɗe da ajiye shi. A 1986 majalisar dokokin Birtaniya ta hana duka a makarantun gwamnati, da rinjayen ƙuri'a ɗaya tak, 231 da 230, abin da ya nuna su ma ba cikin sauƙi suka rabu da shi ba. Makarantu masu zaman kansu na Ingila sai a 1999 hanin ya hau kansu.

A wurinmu doka ta bar ƙofa a buɗe. Sashe na 55 na kundin hukunta laifuka na Arewa, Fenal Kod, wanda ya fara aiki a 1960 kuma jihohi suka gada, ya ce ba laifi ba ne malami ya hori yaron da aka damƙa masa wanda bai kai shekara 18 ba, muddin horon bai kai ga mummunan rauni ba. Mummunan rauni a kundin nan abubuwa ne irin su karaya, ko rasa gani, ko rasa ji. Tsakanin tsawa da karaya kuwa fili ne mai faɗi ƙwarai, kuma a cikinsa malami shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne mai zartarwa.

Sai da na girma na koma zaure karatun littattafai na tarar malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun ƙuntata wannan fili tun fiye da shekara dubu da suka wuce. A Ƙairawan, cikin Tunisiya ta yau, Muhammadu ɗan Sahnun, wanda ya rasu a 870 Miladiyya, ɗan Sahnun ɗin nan mai Mudawwana, ya rubuta ɗan ƙaramin littafi kan ladubban masu koyar da yara, Adabul Mu'allimin. Makarantar da yake magana a kai irin tamu ce sak: yara da alluna da tawada, wanke allo, kyautar sauka. Bai hana duka ba, amma ya ɗaure shi tamau. A kan karatun Alƙur'ani kada a wuce uku. In za a haura uku sai da izinin uba, kuma sai in yaron ya cuci wani. Ko a kan wasa da shashanci kada a wuce goma. Ba a dukan kai, ba a dukan fuska. Ba a hana yaro cinsa da shansa. In kuma malami ya ƙetare iyaka har ya yi wa yaro lahani, akwai lamuni a kansa, ba za a ce tsautsayi ne a shafa fatiha a watse ba.

Bayansa Abul Hasan al-Ƙabisi, shi ma mutumin Ƙairawan, wanda ya rasu a 1012, ya faɗaɗa maganar. A wurinsa hukunci hawa-hawa ne: a yi nasiha, a maimaita, sannan a yi faɗa, faɗan ma ba da zagi ba. Har ya ambaci kiran yaro da sunan biri cikin abin da bai dace ya fito daga bakin malami ba. A kwatanta da jaki, daƙiƙi, ƙwaƙwalwar kifi, da muke jefa wa yara kafin ƙarfe tara na safe. Ya ce malami da kansa zai yi hukunci, kada ya miƙa wa wani yaro bulala ya doki ɗan'uwansa. Sannan ya kawo sharaɗin da ya fi tsaya mini a rai: kada malami ya yi duka yana cikin fushi, domin a wannan lokaci haushinsa yake hucewa, ba yaron yake gyarawa ba. Duk wanda ya taɓa riƙe aji ya san wannan sharaɗi shi kaɗai ya rushe mafi yawan dukan da muke yi. Ni dai da wuya na tuna ranar da na ɗauki tsumagiya raina a sanyaye. In na bari fushin ya wuce, sai in ga laifin ya ƙanƙance, bai kai na duka ba.

Masu kare bulala sukan kawo hadisin da ke cikin Sunan na Abu Dawuda, wanda ya yi umarni a sa yara salla suna 'yan shekara bakwai, a doke su a kanta in sun kai goma. Hadisin yana nan. Amma a dubi tazarar da ke cikinsa: shekara uku cur ta koyarwa da tunatarwa, sau biyar kullum, kafin a zo maganar duka, kuma a kan salla, ba a kan bakwai sau takwas ba. Mu kuwa ɗan shekara biyar da ya shigo makaranta jiya, yau an daki yatsunsa da rula don ya juya harafi. Kuma Nana A'isha ta ba da shaida, kamar yadda Muslim ya ruwaito, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba. Anas ɗan Malik ya shiga hidimarsa yana yaro ɗan shekara goma, ya yi shekara goma tare da shi, ya ce ko kalmar ƙosawa bai taɓa ji daga gare shi ba.

Wanda ya fi kowa hango illar abin shi ne Ibn Haldun, haifaffen Tunis a 1332. Ya ware fasali guda a Muƙaddimarsa don nuna cewa tsanantawa ga ɗalibai cutarwa ce. Bai tsaya kan zafin da fata ke ji ba, hali ya duba. A bayaninsa, yaron da aka raina da ƙuntatawa da tilas kuzarinsa yakan mutu, kasala ta kama shi, ya koyi ƙarya da yaudara, ya riƙa nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba don gudun hannun da zai sauka a kansa, har wannan ya zame masa ɗabi'a. Ya ce haka al'umma gaba ɗaya take zama in ta daɗe a ƙarƙashin danniya. Kuma ya kafa hujja da Ibn Abi Zaid, mai Risalar nan da almajirin zaure a ƙasar Hausa yake hawa bayan Ahalari da Ishmawi da Iziyya, cewa mai koyar da yara kada ya wuce bulala uku. Littattafan malaman nan suna cikin kabad ɗinmu, muna karanta babin tsarki da babin salla, amma abin da suka ce game da bayan yaro bai iso aji ba.

Fiye da shekara ɗari shida bayan Ibn Haldun, wasu masu binciken halayyar yara biyu daga jami'o'in Kanada, Victoria Talwar da Kang Lee, sun gwada kusan wannan magana tasa a wata ƙasa ta Afirka ta Yamma, suka buga sakamakon a 2011. Makarantu biyu suka zaɓa a gari ɗaya. Ɗaya ana duka a cikinta kan laifi ƙanana da manya, ɗaya kuwa faɗa ake yi, ko a ware yaro gefe na ɗan lokaci, ko a tura shi ofis. Suka ɗauki yara 84 'yan shekara uku zuwa huɗu. Ana zaunar da yaro, a ajiye abin wasa a bayansa, a ce kada ya waiga, babba ya fita daga ɗakin na minti ɗaya. Yawancin yaran makarantun biyu sun waiga, dukan bai sa na makarantar farko sun fi riƙe kansu ba. Bambancin ya fito ne da aka dawo aka tambaye su ko sun leƙa. A makarantar da ba a duka, sama da rabi kaɗan na waɗanda suka leƙa ne suka musa. A makarantar bulala kusan dukkansu suka musa, kuma sun fi ƙwarewa wajen rufe ƙaryar in an bi su da wata tambaya. 'Yan shekara uku, har sun iya gyara zance.

Jiki yana ji, ba shakka. Amma abin da yake ji shi ne kada a kama ka. Shi ya sa ajin da yake tsit in malam mai bulala yana ciki, yana juya baya sai ya koma kasuwa.

Ko da za mu yarda da uku ɗin Ibn Sahnun, sai mu dubi abin da muke duka a kai. A tsaya a ƙofar makarantar firamare ta gwamnati da ƙarfe takwas saura kwata, lokacin da ake tare 'yan makara. Ga su a jere a durƙushe kan tsakuwa, hannuwa a sama. Wannan yarinyar sai da ta sayar da ƙosan uwarta kafin ta sa yunifom. Wancan yaron tun asuba yake layin famfo da jarka biyu. Na kusa da shi daga ƙauyen da ke hayin rafi ya taho a ƙasa. A cikinsu akwai wanda ya tsaya ƙwallo a hanya, shi ne mai laifi, amma dorina ba ta tambaya, bi take yi ɗaya bayan ɗaya. Sai a shiga aji a doki wanda bai kawo kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai ba, da wanda ba shi da littafin rubutu, da mai yagaggen wando. Wannan talaucin uba ne ake karɓa a bayan ɗa. Sai ranar gwaji, a ce kowace amsa da ka faɗi bulala ɗaya. Rashin ganewa ba laifi ba ne, shi ne ma dalilin da ya kawo yaro makaranta. Na tuna ina aji biyar, na haddace lissafin tsaf a gida, amma da malam ya tsaya a kaina yana kaɗa dorina a ƙafar wandonsa sai kaina ya yi fayau, ko sunana aka tambaye ni a lokacin sai na yi inda-inda.

Ga kuma hukuncin gayya, in ba a faɗi wanda ya yi ba kowa ya sha. Ga monita da aka ba takarda ya rubuta masu surutu, wanda kafin zango ya ƙare ya gane cewa ƙulli ɗaya na gyaɗa yana goge suna, kuma wanda suka yi faɗa jiya yana iya shiga takarda ko bai ce uffan ba. Yaro ɗan shekara tara ya koyi darasin mulki da cin hanci a hannunmu, mu da muke cewa tarbiyya muke bayarwa. A makarantun kwana abin ya fi muni, inda bayan an kashe fitila siniya ne sarki. Juniya ya yi masa wanki, ya ɗebo masa ruwa, a ƙwace masa garin kwaki da sukari, a sa shi tsallen kwaɗo da gwale-gwale har ƙafarsa ta ƙi ɗaukarsa. Yana kuka yana ƙirga shekarun da suka rage shi ma ya zama siniya ya rama a kan wani da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ƙarshen wannan hanya mun gan shi da idonmu a watan Satumba na 2019, da 'yan sanda suka shiga wani gidan mari a Rigasa cikin Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabo. Cikin makonni kaɗan aka buɗe irinsa a Daura da Katsina. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, don a gyara musu hali. Tunanin da ya kai su can shi ne dai wanda ya miƙa mini tsumagiya a ofishin hedimasta, an dai ƙara masa nauyi ne.

Duk da haka ba zan ɗora wa malami laifin shi kaɗai ba, don na san zafin wurin. Tun da aka buɗe ƙofar ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, yara suka yi ta ƙaruwa, azuzuwa da malamai ba su bi su ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Ni tamanin da bakwai aka ba ni, kuma na san masu riƙe fiye da ɗari. Ba benci, ba littafi, rana ta buɗe, kwano ya ɗau zafi, albashin watan jiya bai shigo ba. A kwaleji an koya mana rubuta tsarin darasi, ba a koya mana abin da za mu yi in yaro arba'in suna magana lokaci ɗaya ba. Tsumagiya ita kaɗai ce kayan aikin da ba a jiran gwamnati ta kawo, tana nan a bishiyar tsakar makaranta. Saboda haka takardar hani daga ma'aikata ba ta isa ba. Afirka ta Kudu ta hana duka a makarantu a 1996, Kenya a 2001, kuma shekaru bayan nan bincike ya ci gaba da samun yaran da ake duka. In ka karɓe sanda daga hannun mutum ba ka ba shi madogara ba, kana fita zai sari wata.

A Yuganda an gwada ba da madogarar. Can ma ma'aikatar ilimi ta daɗe da hana duka, ana kuma yi. Wata ƙungiya mai suna Raising Voices ta tsara wani shiri, aka gwada shi a makarantun firamare 42 na gundumar Luwero, rabi aka shigar da su, rabi aka bar su yadda suke don kwatance. Shekara ɗaya da rabi malamai da ɗalibai da iyaye suna zama tare, suna tsara dokokin makaranta da hukuncin kowane laifi, ana koya wa malamai hanyoyin riƙe aji ba da sanda ba. Da aka buga sakamakon a 2015, a makarantun da aka bari kusan kashi 49 cikin ɗari na yara sun ce wani ma'aikacin makaranta ya taɓa lafiyarsu a makon da ya gabata, a makarantun shirin kuwa kashi 31. Dukan bai ƙare ba, amma ya ragu sosai. Sakamakon jarrabawa bai tashi ba, bai kuma faɗi ba, kuma makarantun ba su wargaje ba kamar yadda ake tsoro.

Ni ban je Yuganda na koyo ba, a ajin da ke jikin nawa na gani. Wata dattijuwar malama ce ke riƙe da aji biyu, yaranta ba su gaza nawa yawa ba. Akwai tsumagiya a kan teburinta, amma nuna harafi a allo take yi da ita. Kuma tana hukunci, hukunci mai ciwo ma. Wanda ya yaga littafin wani, lokacin tara zai zauna ya kwafe masa duk abin da ya ɓata, yana jiyo 'yan'uwansa suna wasa a waje. Wanda ya zubar da ɓawon rake shi zai share ajin. Wanda ya yi zagi a gaban mutane, a gaban mutanen nan zai nemi gafara. Kowane hukunci da laifinsa yake kama, har yaro ya iya faɗin abin da zai same shi tun kafin ta buɗe baki. Ta san gidan kowa da sunan uwarsa. In yarinya ta makara kwana uku a jere, sai ta saka mayafi da la'asar ta je gidan, ta zauna a tabarma ta ce, "Yaya, a taimaka a bar mini ita da safe, tallan ya koma bayan azahar." Hukuncinta mafi tsanani kuwa na gan shi ran nan da aka tashi. Yaran sukan yi rububin ɗaukar mata jaka zuwa bakin titi. Wani ya riga kowa ya sunkuci jakar, sai ta ce, "A'a, ajiye. Yau ka doki ƙanwarka, ba kai za ka raka ni ba." Yaron nan kuka ya yi da majina, irin wanda tsumagiyata ba ta taɓa fitar wa kowa ba. Washegari shi ya fara zuwa makaranta.

A tsakiyar zango na biyu yaron nan na layin baya ya daina zuwa. Bayan mako guda sai ga kakarsa ta riƙo shi a wuyan hannu har ƙofar aji. Na fita na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Malam, ga ɗanka na kawo maka. Kwana shida yana fita da safe, ashe gindin tsamiya yake zuwa ya zauna. Ka zane shi da kyau, ni na sa ka." Na ce, "To, Iya, za a yi masa faɗa." Har ta juya za ta tafi sai ta ƙara da cewa, "Sai dai in za ka yi masa magana ka tsaya ta damansa. Tun sanƙarau ɗin nan na shekarar 1996 da ya kwantar da shi, kunnen hagu ya mutu, na daman ma sai an ɗaga murya. 'Yan'uwansa biyu ciwon ya tafi da su, shi Allah ya bar mana."

Na ce, "Iya, me ya sa ba a gaya mana ba?"

Ta ce, "Ai ba wanda ya tambaya, Malam."

Na koma aji na tashi wani daga layin gaba na zaunar da shi daidai gaban allo, kunnen damansa yana fuskantar inda nake tsayawa. Shiftar da aka yi ranar Alhamis ɗin nan ya ci bakwai cikin goma. Ya ƙarasa shekarar tare da mu, amma da aka dawo hutu ba a ga sunansa a aji biyar ba, an kai shi koyon faci.

Yanzu yana da rumfarsa a bakin hanyar da nake bi zuwa kasuwa, da yara biyu masu taya shi. Duk ranar da na tsaya da babur sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya russuna, ya ce, "Malam, barka da zuwa," kuma bai taɓa yarda ya karɓi kuɗin iska daga hannuna ba. Na taɓa ce masa ya yafe mini dukan da na yi masa a aji huɗu. Injin yana ƙara a lokacin, sai ya juyo da kunnen dama, ya kafe bakina da ido, ya ce in sake faɗa.